Godiyar iyalanmu ga waɗanda suka tsaya a kan yaronmu

Alhamdu lillahi. Yau kwana 21 ke nan da yaronmu ya rabu da ƙwayar tramol, kuma daren jiya ya yi barci tun bayan lisha har kiran assalatu ba tare da ya tashi yana murza ƙafafu ba. Kun san abin da ya faru tun daga watan azumi, ba sai mun maimaita ba. Gidan nan kowa ya gaji, mahaifiyarsa ta rame har zobe yana zame mata, amma godiya ba ta jiran a huta.

Wanda za mu fara ambata, ko da ya ce kada a faɗa, shi ne mai shayin bakin hanyarmu a unguwar Zariya. Ranar da yaron ya yanke jiki ya faɗi a fada, wurin hirar matasa, yana jijjiga, abokansa sun watse, mutane suka taru, wani na neman cokali a cusa masa a baki, wata ta ɗauko ruwa za ta ɗura masa. Bawan Allah nan ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya ture benci da duwatsun da ke kusa, ya naɗe rigarsa ya sa masa ƙarƙashin kai, ya juya shi ya kwanta a gefe guda. Ya hana a danne shi, ya hana a sa masa komai a baki, yana duban agogon wayarsa. Da jijjigar ta wuce minti biyar sai ya tsayar da mota da kansa. Likita ya ce kwanciyar gefen nan ce ta hana amai shiga huhunsa. Baba mai shayi, Allah ya suturta ka duniya da lahira, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ka ga irin wannan rana a kan naka.

Muna gode wa likitan da ya zaunar da mu ya yi mana bayani ba tare da ya ci mana fuska ba. Tramol ɗin farmasi ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce, kuma ko babban mutum mai ciwo ba a wuce masa 400 a yini. Wadda ake saida wa yara a ɓoye kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225. Yaro ɗan shekara 16 ya narka mai 225 guda uku cikin kofi da safe, ya riga ya haye iyaka nesa, kuma yawanta shi ke kawo jijjigar da mutane ke cewa iska ce. A aljihun namu an sami har da diyazefam, wadda suke sha da dare don ta farko ta hana su barci. Wannan ta biyu ita ce ba a yanke ta rana ɗaya, domin yankewar kanta tana iya kawo jijjiga. Shi ya sa aka rubuta masa ragi kaɗan-kaɗan, maganin yana kulle a hannun babban mutum, ana ba shi a ƙirge.

Ga majo, wato shugaban masu jinya, da masu jinyar dare, ba mu da bakin gode muku. Kun faɗa mana tun wuri abin da za mu gani da zarar ya bar tramol: hamma, majina, zufa da sanyi lokaci guda, ciwon gaɓoɓi, zawo da amai, masifa, rashin barci. Kun ce rana ta biyu da ta uku suka fi tsanani, bayan mako ya fara sauƙi. Haka aka yi. Da ba mu sani ba, da a daren nan na biyu wani cikinmu ya tausaya ya aika a sayo masa. Ruwan gishiri da sukari da kuka koya wa yayarsa haɗawa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ya riƙe shi kwana uku yana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Liman na masallacinmu, Allah ya ƙara wa rayuwarka albarka. Da wasu suka kawo shawarar a ƙetara da shi a kai gidan mari, kai ka tuna musu abin da aka tarar a irin gidajen nan a Kaduna da Daura da Katsina a 2019, yara cikin sarƙa da tabon bulala. Ka ce a yi addu'a a kuma bi likita. Mushen lakwal ɗinsu, wato malamin makarantarsu, da ya riƙa kawo masa darasi gida don kada jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji ta wuce shi, da maƙwabciyarmu da ta yi sati biyu tana aiko kunu da fura, da ɗan kabu-kabun da ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi, ya jiƙan magabatanku, ya buɗa muku ta inda ba ku zato.

Akwai ƴan uwa na jini da Tibiri zuwa nan ta yi musu nisa, amma labarin bai yi musu nisan kaiwa gidan biki ba. Mun ji, mun bar wa Allah.

Da sauran aiki, kuma a nan muke roƙon masu zuwa dubiya. Kada a ba shi kuɗi a hannu, ko na goro ne. Kada a zauna gabansa ana lissafa abin da ya ɗauka ya saida, ya sani, yana kuka a kai. Mun canza masa layin waya, don haka kada kowa ya ba tsoffin abokan fadarsa sabuwar lambar. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda likita ya nanata: jikinsa yanzu ya saki ƙwayar, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha da, numfashinsa na iya tsayawa. Wanda ya gan shi yana layi, ko ƙwayar idonsa ta tsuke, ko barci ya danne shi da rana tsaka, ya kira mu nan take, kada ya jira ya tabbatar.

Ran Litinin za mu koma gidan likita. Ku sa shi a addu'ar asuba. Allah ya shirya mana shi, ya shirya na kowa, amin.