Sunayen duwatsun Adar, yadda na bi ina tambaya

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita ko Buza ya san ƙasarmu ta tuddai da kwaruruwa ce, shi ya sa ma ake cewa Adar Dutsi. Kowane tudu da sunanshi, amma taswira ba ta ɗauke da ko rabinsu, waɗanda ta ɗauka kuma da rubutun Faransi ne, Doutchi, Dogondoutchi. To ni dai sai na ɗauki kaye da biro da waya na fara bin ƙauyukan wajen kakannina ina tambaya, wa ya raɗa ma dutsen nan suna, kuma don mi?

Abu na farko, ba a faɗa ma tsoho da tambaya tsaye. Sai ka fara gaida maigari, ka aje goro, ka faɗi ɗan wa kake, a sha hura, kana a zo ga zance. In ka fiddo waya tun farko baki ya mutu.

Akwai wani tudu bayan garin uwata, Dutsin Kura ake ce mishi. Sarkin baka ya ce min ramun kuraye ne cike da shi da can, har ya kai ni ya gwada min bakin kogon, duwatsu baƙi ƙirin ga tsohon toka na mahalba. Wata tsohuwa da ke sussuka ta ji mu sai ta ce a'a ɗana, ba kurar daji ba ce, wani mutum ne ya fara saran daji nan ana mishi laƙabi da Kura. Da na iske Buzaye makiyaya gindin tudun kuma, ashe su da nasu sunan daban da Tamajak, wai saboda ruwan da ke kwantawa wurin bayan damana. Na rubuta duka ukun, kowane da bakin da na ji shi, ban ga dalilin zaɓen guda in yar da saura ba.

Mata tsofaffi sun fi kowa sani wallahi, balle waɗanda sunka yi jidar duwatsu lokacin froje Keita, aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta kawo a 1984, babu gangaren da ba su taka ba.

Inda abin ke da wuya shi ne sunayen da sunka taɓa Azna. Dattijo zai ce maka haka munka taras, ya yi shiru, alhali ya san can ne kakanni ke yanka ma Doguwa kafin shuka. Kunya ce, yanzu kowa Musulmi ne, ba ya so a ce gidansu da tsafi. Ni ban gardama kuma ban wa'azi, ina cewa baba tarihi nake nema, kuma in ya ce kar a rubuta sai in rufe kaye. Dubi Lugu a Arewa, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet, hafsan sojan Faransa, a 1899, dutsen Tunguma da ake shari'a da shi har yau ana zancenshi don mutanen wurin ba su ɓoye nasu ba. Dogon Dutsi ma kowane yaro zai nuna maka Tozon Bijini.

Namu na Adar kuwa samari sun tafi bida Abijan da Libiya, tsofaffin na ƙarewa. Bayan girbi in Allah ya yarda zan gangara wajen Majiya, an ce min akwai wani makaho mai riƙe da sunayen tuddan wajen duka a ka.