Ranar da ɗalibaina suka hau dandamali

"Malama, 'yata ba zabiya ba ce." Haka wani uba ya ce mini a waya, mako uku kafin bikin yaye ɗalibai a kwalejin horar da malamai mata inda nake koyarwa. Wata biyu muna atisayen waƙoƙi da 'yan mata goma sha takwas. Washegari biyar suka daina zuwa.

Na ji zafi ƙwarai. A daren na koma kan abin da na karanta lokacin digirina na biyu, game da kwalejojin mata na farko a Amurka da Ingila. Kwalejin Vassar da ke jihar New York ta buɗe a 1865, kuma a 1867 ta ɗauki Frederic Ritter ya koyar da kiɗa. Iyayen wancan zamani suna son 'yarsu ta iya fiyano ta kaɗa wa baƙi a falon gida. Abin da ba su so shi ne ta tsaya gaban taron da ba su sani ba. Shi ya sa yawancin wasannin farko a cikin harabar kwaleji aka yi su, gaban ɗalibai da malamai da waɗanda aka gayyata. Haka 'yan matan kwalejin Girton da ke Cambridge a Ingila suka yi a 1883, da suka gabatar da wasan kwaikwayo da tsohon harshen Girka. Nan na gane cewa uban nan ba waƙar yake tsoro ba, idon jama'a yake tsoro.

Sai na sauya tsari. Muka fara da zama na mata zalla a ɗakin taro, na bi gida gida na gayyaci iyaye mata. Na buɗe da tuna musu jajis ɗin Nana Asma'u, wato matan da ta horar su zama malamai, waɗanda da waƙa suka riƙa kai karatu ƙauyuka. Na aika wa iyaye maza baitukan a rubuce tun kafin ranar, abin da ya kamata in yi tun farko ban yi ba.

Uku daga cikin biyar ɗin suka dawo. 'Yar uban da ya yi mini waya ba ta dawo ba, amma ranar biki na hango ta can baya kusa da mahaifiyarta, leɓenta na bin amshin tun daga farko har muka sauka.