Hular gashin zare ta yara: abin da kwarashi ya koya mini

Hular gashin zare hula ce da ake saƙawa da kwarashi, a ɗaura mata silin zare ya zama gashi. Hular ce ke ɗaukar gashin, a kanta kuma aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Idan makarantun Jos suka fara shirin wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, uwa takan ce a yi wa 'yarta gashi har gadon baya, sai hankalin mai saƙa ya tafi can, ta saƙa hular a gaggauce.

A fara da awo. A zagaya tef ta goshi zuwa ƙeya; kan yaro ɗan shekara 4 ko 5 yakan kai santimita 50 zuwa 52. A rage 3 ko 4, domin zaren akirilik, wato zaren saƙa na roba, yana saki, nauyin gashi kuma ya ƙara buɗe shi. In ana son bakin hula santimita 47, a raba da 3.14: faifan da ake fara saƙawa a tsakar kai ya kai faɗin santimita 15, daga nan a daina ƙara idon saƙa, a gangaro. Kwarashi mai milimita 4 ya fi mini, don idon saƙar ya matse. Layi uku na ƙarshe a yi gajeriyar saƙa da ƙaramin kwarashi, a cusa siririyar roba a ciki. Hula da gashi su zama launi ɗaya, in ba haka ba duk inda gashi ya dare, asiri ya tonu.

Gashi kuwa, a naɗa zare a kwali mai tsayin da ake so, a yanke gefe ɗaya, kowane sili ya fito ninki biyu na tsayin kwalin. A lanƙwasa shi biyu, a soka kwarashi a idon saƙar hular, a jawo lanƙwasar, a zura bakin zaren ciki, a ja ya ƙulle. Babban kuskure shi ne cika kowane ido. Hular sai ta yi nauyi, ta riƙa zamewa baya, yarinya na kan dandamali hannunta ɗaya a ka. A cika tsagar tsakiya da bakin goshi sosai, sauran wurin a riƙa tsallake layi biyu. In kitso biyu za a yi, tsaga da gefen hula kaɗai sun isa.

Kada a datse gashin sai hular tana kan yarinya. Kada dutsen guga ya taɓa zaren, narkewa yake yi. Tururi daga nesa yana miƙar da shi. Matsefi mai ƙananan haƙora kuwa warware murɗin yake yi, zare ya tashi kamar auduga ya cukurkuɗe, don haka yatsu sun wadatar.

Abin da ba na sassauci a kai: yaron da bai kai shekara 3 ba, ba duwatsun ado, ba igiya a haɓa, gashi ya tsaya a kafaɗa, kuma a cire masa kafin barci. Ranar wanki a kitse gashin tukuna, a wanke da hannu a ruwan sanyi, a shimfiɗa a inuwa, domin rataye jiƙaƙƙiyar hula yana buɗe bakinta.