Yini Guda a Gindin Dutsen Zuma

Asabar, bayan sallar isha'i, Suleja.

Na dawo masauki ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙura, da hotuna 214 a cikin kyamara, kuma guda huɗu ne kacal daga cikinsu nake jin zan iya nuna wa mutum in ce masa nawa ne. Ina so in rubuta yadda aka yi na same su tun kafin in kwanta, domin na san halina: idan abu ya kwana, sai in riƙa ba kaina labarinsa da daɗin da ba shi da shi.

Na fita bayan sallar asuba tare da ɗan acaɓar da muka yi alkawari da shi tun jiya. Sanyin hunturu ya sa hannuwana suka ƙage kafin mu kai Madalla. Ban gaya masa inda zai tsaya ba, amma da ya ga jakar kyamara da sandarta mai ƙafa uku, sai ya kai ni daidai wurin da kowa yake tsayawa a gefen titin Abuja zuwa Kaduna, ya ce nan yake sauke duk masu irin wannan jaka. Ya kamata maganar ta farkar da ni, amma a lokacin godiya kawai na yi masa.

Daga wurin dutsen yana bayyana gaba ɗayansa. Ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasar da ke kewaye da shi, shi kaɗai, babu wani tsauni da ya jingina da shi, kuma jikinsa duk baƙaƙen layuka ne da ruwan damina ya zana shekara bisa shekara yana gangarowa. A tsakiya akwai fuskar nan da aka san shi da ita, idanu biyu da hanci da baki, wadda babu hannun mutum a cikinta. Na kafa kyamara, na jira rana ta ɗan ɗaga har haske ya bugi dutsen a kaikaice ya fito da kwarin jikinsa, sannan na ƙyasta. Hoton ya yi kyau, babu abin kushewa a cikinsa. Sai na tuna ina da tsohuwar naira ɗari a aljihu, irin wadda aka fara fitarwa a 1999 mai hoton Obafemi Awolowo a gaba, na juya bayanta na ɗaga ta kusa da allon kyamarar. Bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Na taso daga Kaduna, na biya kuɗin masauki, na sha sanyi, duk don in ɗauki hoton da duk wanda ya taɓa karɓar canji a ƙasar nan ya riga ya saka a aljihunsa.

Awa biyun da suka biyo baya ina jin kunyar rubuta su. Na kwanta rub da ciki a cikin ciyawa don in sa busassun kara a gaban dutsen, ƙarangiya ta cika mini riga. Na sa gilashi mai faɗin gani, na karkatar da kyamara, na mayar da hoton baƙi da fari, na nemo reshen bishiya na yi wa dutsen baka da shi. Duk dabarar da na gwada ina iya tuna inda na gan ta, a hoton wani da ya ɗauki wani dutse a wata ƙasa. An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma yau na ga hakan da idona a kan allon kyamara.

Wajen ƙarfe tara hazo ya yi kauri. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tana watsa haske ta ko'ina, shi ya sa duk abin da ke nesa yake dusashewa, baƙi ya daina zama baƙi, fari ya daina zama fari. Fuskar ta ɓace, layukan suka koma kamar alamar tawada a kan allon da aka wanke. Maigidana da ya koya mini sana'ar nan ya sha gaya mini cewa mai son dutsen nan ya zo masa da damina, bayan an ɗauke ruwa, lokacin da iska ta wanku kuma ƙasa ta yi kore shar. Na tuna da maganarsa, raina ya ɓaci, na naɗe sandar kyamara na bar bakin titi na bi wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki, ba don ina neman komai ba.

A nan na haɗu da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari, tana tafe da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kafaɗarta, kamar yadda matansu suka saba ɗaukar kaya a kafaɗa ba a ka ba. Ta sunkuyar da kai gefe guda don ta ba kayan wuri, hannunta ɗaya yana tallafe da ƙwaryar, kuma ta ba dutsen baya. Na ce, "Mama, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa, ɗana, sannu." Na roƙe ta izinin in ɗauke ta hoto. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce, "Ni ka zo ɗauka ko dutsen?" Na ce mata dukanku biyu. Ta yi dariya ta ce to in hanzarta, domin shi dutsen ba ya zuwa ko'ina, ita kuwa kasuwa za ta.

Na roƙe ta ta ci gaba da tafiyarta kamar ba na nan, ni kuma na ruga gaba kimanin taku sittin, na sa dogon gilashi mai milimita 200, na saita saurin ƙyastawa a kan kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa don kada motsinta ya ɓata hoton. Mutane suna cewa dogon gilashi ne ke jawo dutse ya matso kusa da mutum, amma a gaskiya nisan da mai hoto ya ja ne ke yin aikin. Taku sittin yana rage girman mace ƙwarai a ido, amma ba ya rage komai daga dutsen da ke can nesa, shi kuma gilashin yana yanko wannan ɗan yanki ne kawai ya cika hoton da shi. Da na leƙa, sai na ga babu sama, babu ƙolin dutse, babu fuska. Bayanta duka bango ne mai launin toka daga sama har ƙasa, layukan ruwa suna gangarowa a dusashe kamar saƙi, ita kuma ta fito tas a gabansa da jan zanenta. Hazon da nake ta zagi tun safe shi ne ya kwantar da dutsen ya bar ta ta fito. Wanda bai san wurin ba, zai iya ɗauka gini ne ko hadari, wanda kuwa ya san shi zai gane shi nan take. Wannan ne na farko a cikin huɗun.

Da rana ta take na zauna a rumfar wani mai shayi, domin hasken tsakar rana yana daddale komai, babu abin da ake samu a cikinsa. Ina zaune ina kallon hoton ina tunanin garin da na kwana a cikinsa. Suleja ita ce Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau ta Haɓe, ya kafa a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan aka ba sabon wuri, tsohon gari kuma ya koma amsa sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Dutsen ma kusan haka ta faru da shi, domin a jihar Neja yake, amma a bakin jama'a ya zama ƙofar Abuja, kuma a mafi yawan hotunansa ba a ganin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suke noma da kasuwanci a gindinsa. Ni kaina da safe sai da na jira wani mai tura baro ya wuce kafin in ƙyasta, don kada ya ɓata mini hoto.

Daga nan tunanina ya koma ranar da na fara ganin Zuma. Ina ɗan shekara tara, muna cikin bas daga Kaduna tare da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na matsu a tsakaninsa da wani mai babbar riga. Ya taɓa ni ya ce in duba. Abin da na gani ta tagar motar wani yanki ne na dutse da ido ɗaya, ƙarfen taga ya yanke samansa, hular wani fasinja ta tare rabinsa, kafin in gyara zama kuma wata babbar mota ta sha gabanmu. Ban taɓa ganinsa cikakke ba sai da na girma, kuma na yi imani yawancin masu bin hanyar nan haka suka san shi, guntu-guntu, ta tsakanin kawunan mutane da kayan lodi. Cikakken dutse mai tsabta wanda babu kowa a gabansa, wannan na takardar kuɗi ne da kalanda.

Bayan la'asar na koma bakin titi da wannan a raina, na bar sandar kyamara a wurin mai shayi. Na biyu na same shi a tsakanin tankokin mai guda biyu da aka ajiye a jere. Ta ɗan ratar da ke tsakaninsu ana hango tsirin dutsen da idonsa ɗaya, a ƙasa kuma yaron mota ya tsuguna yana wanke ƙafa da buta. Na uku tsibin doya ne da mai sayarwa ya jera ya yi masa tozo, siffarsa ta yi daidai da ta dutsen da ke bayansa a cikin hazo. Ina da shakka a kan wannan, domin akwai ɗan wayo a cikinsa, irin wanda ke sa mai kallo ya yi murmushi sau ɗaya ya wuce, amma na bar shi tukuna. Na kuma ɓata hotuna da yawa ina ɗaukar dutsen a madubin gefen mota, har na gane cewa na sake komawa gidan jiya, aro nake yi.

Na huɗu ya zo da magariba. Rana ta zama jan faifai a cikin ƙura har ana iya kallonta ido da ido, direbobi suka shimfiɗa tabarma a gefen titi suka tayar da salla. Na ajiye kyamara na bi sahu. Bayan an sallame, kafin mutane su tashi, sai na ga takalmanmu a jere a bakin tabarma, silifas da sandal da wani kambas da ya sha hanya, da butoci uku, can bayansu kuma gindin dutsen ya yi baƙi ƙirin ya cika sauran wurin. Haske ya yi ƙasa sosai, dole na jingina gwiwar hannu a kan gwiwata na riƙe numfashi kafin in danna. Ya ɗan yi dishi-dishi, kuma ba zan gyara shi a kwamfuta ba.

Ɗazu da na dawo na buɗe tsofaffin hotunana a waya, waɗanda na ɗauka a Dala a Kano da Kufena a Zariya shekarun baya. Abin da na gani ya ba ni mamaki. A cikin waɗanda na ware a matsayin ɓatattu, da yawansu haka suke: an yanke kan dutse, wani ya gitta da kaya, wani ya ba dutsen baya yana harkar gabansa. Ashe hannuna ya daɗe yana yin wannan, ni kuma ina bin sa ina sharewa, saboda bai yi kama da abin da na ga ana yabawa ba. Ban sani ba ko hotuna huɗu sun isa a kira su salo, kuma ina tsoron kada in mayar da abin wata dabara da zan riƙa maimaitawa har ta gundure ni. Abin da ya fi damuna shi ne kada in mayar da mutanen nan kayan ado a gaban dutse, kamar yadda na yi da busassun kara da safe. Dattijuwar nan ko sunanta ban tambaya ba, na tsaya ina lissafin taku.

Mai shayi ya ce ya san ta, tana bin hanyar kusan kullum da hantsi. Gobe Lahadi ba lalle ta fito ba, saboda haka zan ƙara kwana biyu, in nemi inda ake wanke hoto a cikin gari in fitar mata da nata babba, in kai mata ranar Litinin in Allah Ya kai mu. Yanzu dai an kawo wuta, bari in sa batir a caji, in goge ƙurar da ta shiga gilashin nan kafin a sake ɗaukewa.