Daga Giginya zuwa Satiru a kan Fonis ɗin Kawu

Tun da man fetur ya yi tsada keken Kawu ya dawo da daraja a gidanmu. Tsohon Fonis ne baƙi, kariyarsa ta lanƙwashe, ƙararrawa ta daɗe da mutuwa, amma in ka hau shi ba ruwanka da kabu-kabu balle agwagwa da buje. Shi na ara ranar wata Asabar cikin hunturu, ni da abokina da muke shago ɗaya a tsohuwar kasuwa munka ce yau sai mun ga wuraren da anka yi yaƙi da Turawa a garin nan na Sakkwato da idonmu. Abin da ya tunzura mu kuwa gardama ce ta wajen mai shayi, wani yaro ɗan sakandare ya rantse wai Giginya sunan sitadiyam ne kawai, bai san filin yaƙi ba ne, munka yi ta dariya, can da na koma gida na kwanta sai na ga ai ni ma ban fi shi da komai ba. Shekara talatin da wani abu ina garin nan ban taɓa tsayawa na tambayi ina ne wurin ba.

Mun fara da Hubbare bayan asuba, don ba ya yiwuwa ka ce za ka yawon tarihi a Sakkwato ka tsallake Shehu. Munka yi ziyara munka yi addu'a munka fito, hazo ya rufe gari ko na gabanka ba ka gani sosai. Daga nan munka bi ta Ƙofar Aliyu Jodi. Ko sunan ƙofar nan kaɗai tarihin yaƙi ne, Aliyu Jodi, wato Aliyu Jeɗo, shi ne Sarkin Yaƙin jihadi, amma yanzu in ka ce ma mutum sunan abin da zai zo mishi a rai cunkoso ne da hon ɗin mashina. Ganuwar da Muhammadu Bello ya fara ginawa da ya kafa garin a 1809 gidaje sun cinye ta, sai sunayen ƙofofi, Rini, Marke, Kware, Taramniya, Atiku, kwandastoci na kiransu kullum.

Da munka isa wajen filin wasa na Giginya rana ta ɗan ɗaga. Munka jingine kekuna jikin katanga, abokina ya ce to ga mu, sai me? Wallahi ban da amsa. Yara na atisayen ƙwallo, wata mata na suyar ƙosai a bakin titi, munka sayi na ɗari uku munka tsaya muna ci muna kallon kwalta. A wannan yanki na kudu da birni ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da jama'arsa don tarar Turawa ranar Lahadi 15 ga Maris 1903, bayan Kano ta riga ta faɗi tun farkon Fabrairu. Bai fi wata biyar da hawa gado ba. Rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ba ta kai mutum dubu ba, kuma akasarinsu baƙaƙen fata ne irinmu, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa, namu kuwa dawakai da takobi da kwari da baka, sai 'yan bindigogin toka. Ba a kai azahar ba anka gama. Abin da ya fi tsaya min a rai masu riƙe da tuta ne, waɗanda sunka ƙi gusawa, wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har anka ƙare da su a gindinta. Ina tsaye da ƙosai a leda ina ƙoƙarin ƙiyasta ko ta ina ne, ko ƙarƙashin shagon mai cajin waya ne, ko tsakiyar titi inda tirela ke wucewa.

Shi Sarkin ya yi hijira gabas jama'a na ta bin shi, har anka cim mishi a Burmi can ƙasar Gwambe, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na shekarar. Waziri Buhari kuwa tun bayan yaƙin Giginya ya dawo gari ya yi sulhu don kada a bar talakawa ba kowa, Gwamna Lugga ya iso ya naɗa Attahiru na biyu. Abokina dama ɗan gardama ne, ya ce shi da yana nan hijira zai bi. Na ce kai da ko Dange ba ka iya zuwa sai ka yi ƙorafin ƙugu.

Toh daga nan ne tafiyar gaske ta fara. Mun so a ce har Tabkin Kwatto ko Alkalawa, inda anka gwabza a zamanin jihadi, amma wannan ba tafiyar keke ba ce, ga kuma halin da hanyoyin can suke ciki yanzu, Inna ma da ta ji sunan ta ce in na kuskura kada in dawo mata gida. Sai munka tsaya kan Satiru, garin da ya yi ma Turawa tawaye, wajen mil 14 kudu da birni. A bakin kwalta lafiya lau, iska na bayanmu, muna ta taka feda muna hira. Da munka saki titi munka shiga burji sai labari ya sha bamban. Rairayi ya riƙe taya, ka taka ka taka keke na rawa wuri ɗaya, dole ka sauka ka tura. Sarƙata ta faɗi sau uku, hannuna duk baƙin mai. Can kuma na ji fiii, tayar baya ta sace, ƙayar aduwa ce ta shige har wuya. Allah ya sa Kawu ya ɗaura min famfo da sulushan da guntun tsohon tif a ƙarƙashin sirdi, da safe har ina mishi dariya. Ba ruwan da za mu tsoma tif mu ga inda yake kumfa, sai da yawu munka gano hujin.

Muna cikin facin nan wani dattijo ya taho kan jaki da ɗaurin kara. Munka gaisa, ya dube mu ya dubi kekunan.

Ya ce, "Samari ina zuwa da rana haka?"

Na ce, "Baba Satiru muke nema."

Ya yi shiru ɗan jim, sannan ya ce, "Mi kuka nema can? Ba kowa wurin ai, ɗana."

Na ce gani kawai za mu yi. Ya nuna da sandarsa, ya ce mu bi wagga hanya har mu wuce garken Fulani mu karkata dama, in munka ga fili ya buɗe mun iso. Bai ƙara ko kalma ba, ya zunguri jakinsa.

Ni dai ban san me nake tsammanin gani ba, ko ɗan allo ko siminti da rubutu. Fili munka tarar, busasshiyar ciyawa, 'yan itatuwa nan da can, ƙasa ta ɗan yi tudu-tudu a wasu wurare. Sai da na sunkuya na fara ganin tsingaro, gutsattsarin tukwane ja da baƙi a cikin rairayi. Na ɗauki ɗaya, bakin tulu ne, har da ɗan zanen da anka yi mishi da tsinke tun yana ɗanye, layi uku a jere. Wata ta zauna ta yi wannan da hannunta kenan.

Nan ne a ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawa, manoma da bayin da sunka gudo daga iyayengijinsu, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho wanda ya taho daga ƙasar da Faransa ke mulki, sunka tari sojan doki na Turawa da gatari da fartanya da kibau. Sunka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji 25, har bindiga mai ruwa sunka ƙwace. Abin da dakarun daula ba su iya ba shekara uku kafin nan. Ranar 10 ga Maris anka dawo musu da runduna daga Zungeru da Lakwaja, anka kashe mutum wajen 2,000, anka kwashe mata da yara, anka ƙone garin ƙurmus, kuma Sarkin Musulmi na lokacin ya tsine ma duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. A wannan karon sarakunanmu suna ɓangaren Turawa ne, mahayansu ma sun fito. Ina jin shi ya sa Giginya ke da sitadiyam da bariki da otal da makaranta, Satiru kuwa ko a aji ban tuna malami ya ambace ta ba. Labari ne da ba ya da daɗin faɗa a gaban manya.

Abokina mai surutun nan bai ce uffan ba, ya cire hula ya mayar, ya ce mu yi musu fatiha. Munka yi. Iska na ta kaɗa ciyawa, can nesa wani yaro na kora awaki.

Dawowa kam iska ta juyo mana gaba, ƙura a ido a baki, cinyoyina kamar ba nawa ba. Munka tsaya wata bukka bakin titi munka sha fura da nono, kwano biyu-biyu, munka yi la'asar a makare. Ana kiran magariba muna shigowa gari.

Da dare ina cire riga tsingaron nan ya faɗo daga aljihu, na ma manta na saka shi. Inna ta ɗauka ta jujjuya, ta ce wannan fa? Da na faɗa mata inda ya fito sai ta ajiye shi ƙasa da sauri ta goge hannu a zani. Ta ce ba zai kwana mata cikin gida ba, kuma ba bola zan kai shi ba, inda na ɗauko can zan mayar. Yanzu haka yana zaure a kan katanga cikin ledar ƙosai, Kawu kuma ya ce sai na sayo mishi sabon tif kafin in sake taɓa mishi keke.