Abin da shanun Adamawa suka koya min kafin in gama dokta

Alhamdulillah na kare tez ɗina, wato kundin binciken digirin dokta, an sa hannu, yanzu bakina ya buɗe zan iya faɗan abin da na daɗe ina haɗiyewa. 'Yan uwa masu shirin yin dokta a fannin irin shanun madara ku ji da kyau.

Aikina shi ne kwatanta shanun Gudali zalla da ruwa-biyu, wato 'ya'yan waɗanda aka yi wa baye da maniyyin shanun madara na Turai, Holstein ko Montbéliarde, a rugage da ƙananan gonaki na kewayen Ngaundere a Kamaru. 'Ya'yan haɗin farko, rabi Gudali rabi Turai, ba a magana, madara tana ninka ta uwar har fiye, kowa ya gani sai ya yi sha'awa. Matsalar tana farawa ne in an sake zuba jinin Turai ya kai kashi 75 cikin 100. Kaska ta kama su, kirci ya cinye fata da damina, sammore in an kusanci inda tsando yake, ga rani in ba ka da kuɗin turto, wato tunkuzar auduga, saniya ta zube har kana ƙirga haƙarƙarinta. Da yawa ba sa kaiwa haihuwa ta uku.

To shi farfesan da ke duba aikina yana da hannu a wani shiri na raba maniyyi, kuma shirin yana son sakamako mai daɗi. Na kai masa tebur ɗina, ya duba ya duba, ya ɗauki jan biro ya dinga ja wa duk saniyar da ta mutu ko aka sayar kafin ta cika kwana 305 na tatsa, wato ma'aunin da ake lissafin madara da shi, layi, wai bayanansu basu cika ba. Na ce ranka ya daɗe ai mutuwar tasu ita ce sakamakon, in muka cire su mun bar masu ƙarfi kaɗai mun ce wa makiyayi ga irin da zai saya. Ya cire tabarau ya ce min, kai ɗalibi ne ko mai ba da shawara? Daga ranar babina ya kwanta a durowarsa, in na kira yana taro, in na je ya yi tafiya, tallafina ya ƙare ina cin bashin man mashin don kar awon madara ya yanke. Wallahi har yau in na tuna jan biron nan raina yana ɓaci.

Ban cire su ba. Na lissafa madarar da saniya ta bayar a duk rayuwarta cikin garke, da maraƙan da suka rayu, da kuɗin magani. Wani Ardo ne ma ya ƙarfafa min gwiwa, muna tsugune ana tatsa an ɗaure maraƙi a gaban uwar, don Gudali in ba ta ga ɗanta ba sai ta riƙe nono, ya ce ɗana, ni saniyar da za ta je mashekari da ƙafarta ta dawo da ciki ita nake kira saniya. Mai jarrabawar da ya zo daga waje ranar kare tez a kan wannan babin ya fi tsayawa, shi kuma farfesa ya yi ta gyaɗa kai kamar shawararsa ce. Na bar shi da Allah.

Abin da ke min ciwo, haɗa iri ba sabon abu bane a nan, tun shekarun 1950 aka haɗa shanun Brahman na Amurka da Gudali a tashar kiwo ta Wakwa kusa da Ngaundere, amma har yanzu zaɓe cikin Gudali ɗin kanta don madara bai samu kulawar da ta kamata ba, alhali gado daga iyaye yana da kusan kashi 30 cikin 100 na bambancin madara tsakanin shanu. Ga ƙananan shanun Namchi na wajen garin Poli masu jure sammore suna ta ƙarewa muna kallo.

Sauran a taƙaice. Ka ajiye bayananka wuri uku. Ka duba tulun azot, wato ruwan sanyin da ake ajiye maniyyi a ciki, da kanka kafin a fita baye, in ya yi ƙasa maniyyin ya mutu an ɓata wa mutum shekara. Ka koyi Fillanci. Ka tambayi matan ruga yawan nono, su ke riƙe da ƙwarya. Kuma kafin ka zaɓi mai duba aikinka, ka binciki wa ke biyan kuɗin motarsa.