Ranar da Mama ta ce a kai ta majami'a

Safiyar Laraba 16 ga Oktoba 2024, ina ba Mama kunu, rediyo ya kawo labarin Majiya. Tankar fetur ce ta taso daga Kano, ta kife cikin dare a wannan gari na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasar man da ke malala, sai wuta ta tashi. Da safen nan ana cewa mutum sama da 90 sun rasu. Kafin a kwana biyu adadin ya haura 150.

Mama ta kau da kai daga cokali. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta na ɗauko ta daga Kaltungo zuwa wurina a Tumfure, gefen garin Gombe, magana ba ta fitar mata da sauƙi, sai ta tattaro kalma ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kai ni majami'a."

Na ce, "Mama, yau fa Laraba ce, kuma da sassafe. Ba kowa a can sai mai gadi." Ta sake faɗa, har da buga katifa da hannunta mai lafiya. Na kira Yaya a Bauchi. Ya ce in lallashe ta, ranar Lahadi ai fasto zai sa su cikin addu'a. Ya faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Waɗanda suka ƙone suna kwance a asibitocin Ringim da Haɗeja a wannan sa'ar, wasunsu ba za su kai yamma ba. Yaya za a ce su jira Lahadi?

Ni dai na daɗe da yanke wa kaina hukunci a kan wannan batu, kuma ba a aji na koya ba. Ranar Alhamis 16 ga Yuli 2015, jajibirin ƙaramar Sallah, na shiga babbar kasuwar Gombe sayen zare da leshi, don ɗinki ya yi mini yawa. Bam ya tashi, ba a jima ba na biyu ya biyo. Kusan mutum 50 suka mutu. Abin da nake tunawa shi ne wani dattijo mai shagon atamfa ya janyo mu ciki, mu wajen takwas, ya ja ƙofa. Takalmina ɗaya ya ɓace, ban ma lura ba sai daga baya. Na durƙusa a kan dilar atamfa, matar da ke jikina tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", ni kuwa bakina ya kasa haɗa komai sai "Yesu, Yesu". Babu bagade, babu mai wa'azi, sai ƙura da ihun mutane a waje. Har gobe ban taɓa yin addu'ar da ta fito daga cikina kamar wannan ba.

Don haka na zauna a bakin gado na shiga yi wa Mama bayani. Na tuna mata Matiyu sura 6, inda aka ce mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Na kawo Daniyel da tagarsa sau uku a rana, na kawo Bulus da Sila a kurkukun Filibi da tsakar dare. Na ce ko a 2020 da korona ta hana taruwa, ai a falo muka yi sujada, Ubangiji bai toshe kunne ba. Duk wannan ina faɗa wa matar da ta yi shekaru tana jagorantar Zumuntar Mata, wadda ita ta fara koya mini bambancin majami'a da ikilisiya: ɗaya gini ne na bulo da kwano, ɗaya kuwa mutane ne.

Ta bar ni har na gama. Sannan ta ce, "Na sani." Ta huta. "Wa zai ce mini amin?"

Na yi shiru. Ashe ba shakkar jin Allah take yi ba. Mama ta saba idan masifa ta faɗa wa mutane, ba a ɗaukar nauyin da ka ɗaya. Ana tara mata, wata ta ɗauko addu'a, in muryarta ta karye wata ta karɓa. Yanzu harshenta ya yi nauyi, takan fara magana ta ɓace mata a tsakiya, kuma ta san haka. Tsoronta shi ne ta ɗauko mutum ɗari da wani abu a zuciya ta kasa kai su ƙarshe. Ni da nake ta jero ayoyi, ban tuna da sura 18 ta wannan Matiyu ɗin ba, inda aka yi maganar mutum biyu ko uku da suka taru.

Na yafa mayafi na leƙa maƙwabta. Na samo mata biyu 'yan cocinmu, ɗaya ma hannunta duk kumfar wanki. Hajiya ta gidan gaba ta ga muna shiga da sauri, ta zaci jikin Mama ne ya tashi, ta biyo mu. Da ta ji dalili sai ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, "Ku yi, ina nan."

Mama ce ta fara. Ta roƙa wa waɗanda ke asibiti sauƙin raɗaɗi. Ta roƙa wa iyayen da aka binne 'ya'yansu a kabari ɗaya ba tare da sun iya gane fuskarsu ba. Ta ambaci masu haƙa kabarin, da ma'aikatan jinya da ba su runtsa ba. A nan maganar ta kakare mata, ta yi ta neman kalma, hawaye na bin gefen da ya shanye. Sai mai kumfar wanki ta karɓa daga inda ta tsaya. Mu a koyarwarmu ba ma roƙa wa mamaci gafara, mukan bar shi a hannun Ubangiji mu roƙa wa na raye ta'aziyya. Da muka rufe cikin sunan Yesu, Hajiya ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙansu da rahama, ya gafarta musu, ya ba iyalansu haƙuri." Ba wanda ya ce mata ba haka muke yi ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a wancan makon. A shago da Facebook na yi ta jin masu cewa su suka jawo wa kansu, wa ya aike su kwasar mai. Gaskiya ne ganganci ne, kuma ina gaya wa 'ya'yana in sun ga tanka ta faɗi su yi ta kansu. Amma a wancan watan litar fetur ta haura naira 1,000. Mai iyalin da ya kwana da yunwa ya ga dukiya na kwarara a kwata, ban da bakin yi masa alƙalanci. Mama ba ta tambayi abin da ya kai su wurin ba kafin ta roƙa musu.

Ranar Lahadi muka ɗauko mai Keke Napep, ni da ɗana muka tallafe ta har kujerar gaba, fasto kuwa ya sa mutanen Majiya cikin addu'a kamar yadda Yaya ya ce. Ta ji daɗi, ta yi kwana biyu tana fama da gajiya.

A ƙarshen Mayu 2025, da ambaliya ta ci Mokwa a Jihar Neja, muna zaune rediyo ya faɗa. Na juya ina jiran ta ce a nemo keke. Ta nuna ƙofa da haɓa, ta ce, "Kira su. Har Hajiya."